Zugazugin da Baba Ya Cire wa Mota

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Jiya aka yi addu'ar arba'in a nan Gazara, baƙi suka watse, gida ya yi shiru. Na ɗauko rubutun bokon da na koya a soja don in ajiye wani abu game da shi, saboda na lura mutumin da aka yi ta yabo a zaurenmu ba shi ne wanda na sani ba. Nasu mai haƙuri ne. Nawa kuwa, Allah Ya jiƙansa, taurin kai gare shi irin wanda ban taɓa ganin na biyunsa ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu haushinsa nake ji.

Tun ranar da aka kai shi mutane suke zuwa, daga Makarfi, daga Dandamisa, daga Kudan, har da fataken barkono na Ikara. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta." In an shafa fatiha sai wani ya gyara murya ya kawo maganar mota. Ba wanda ya zo bai kawo ta ba. Wani dattijo mai sayar da rake ya dafe kwankwasonsa ya ce, "Wallahi ciwon bayan nan nawa tsarabar marigayi ce. Sau nawa na tura motarsa a hawan rafi!" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki, sannan ya share ido da hannun riga. Wani Bafulatani da na sha gamuwa da shi a hanyar Hunkuyi ya ce tun da yake bai taɓa ganin motar da ba ta firgita saniya ba sai tamu. Liman ya rufe da cewa, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Yana faɗa yana kallona. Na haura arba'in, da furfura a gemuna, na je yaƙin Bama da Turawa suka kai mu ƙetaren teku na dawo, amma ni ne yaron.

Na sunkuyar da kai ina ta amsa amin. Su turi kawai suka yi suka koma gidajensu. Ni ne na zauna a bayan sitiyarin nan ina shan kunya shekara da shekaru, kuma ni nake tuƙa ta ranar da ya cika a cikinta.

Baba maƙeri ne ɗan maƙeri. Da ƙuruciyarsa ya yi 'yan shekaru yana aiki a shagon gyaran jirgin ƙasa a Zariya, a can ya san inji, sannan ya dawo gida ya ci gaba da ƙira garma da fartanya kamar bai taɓa barin gari ba. Ni ne ɗan farinsa. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Baba ya kai ta inda ko Fulanin daji sai sun sara masa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayarsa, wadda ɗakinta yake cikin gidanmu, ita ta rene ni. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci ina wurin ba. In yana son in yi wani abu, ko da ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Goggo ko bango ko uwar maƙera ya ce, "A gaya wa wancan ya kai garmar nan gona."

Ranar da na dawo daga Bama gari ya fito da kalangu, mata suna guɗa. Shi yana maƙera yana dukan wata fartanya. Na je na durƙusa, ya ce wa ƙarfen, "An dawo? Madalla." Shi ke nan. Daga baya Goggo ta ce mini fartanyar nan sai da ya buge ta ta zama kamar ganye, ta lalace, aka jefar. A lokacin ban ga abin da ya haɗa wannan da ni ba. Riba ɗaya na ci daga yaƙin nan a wurinsa: da ya ji tuƙi na koyo, sai na tashi daga "wancan" na koma "direba".

Yana da 'yan maganganunsa da ba ya gajiya da su. In mai gona ya matsa masa da gaggawa sai ya ce, "Ƙarfe ba ya jin tsawa, wuta yake ji." Sai kuma wadda ta fi ci mini rai, "Sannu ba ta hana zuwa." Nan yake tsayawa kullum. Ragowar maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, ban taɓa jin ta a bakinsa ba, kamar an haramta masa ita.

Motar kuwa ta wani Bature ce mai sayen auduga, da zai koma ƙasarsu ya sa ta a kasuwa. Baba ya sayar da shanun huɗarsa ya karɓo ta, ba tare da ya shawarci kowa ba. Baturen nan ɗan son gudu ne, har ya sa an kawo masa wani ƙarfe daga can an ɗaura a jikin injin, girmansa kamar ƙaramin turmi, bel yana juya shi. Kanikawan Zariya bulowa suke ce masa. Baba ya ɗaga bonet ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "Ai zugazugi ne." Ya yi gaskiya. Yadda muke zuga iska a wuta ta ci gawayi da ƙarfi, haka abin nan yake tura iska da fetur cikin inji da ƙarfin tsiya. Shi da wani kafinta suka yanke bayan motar suka yi mata bodi na katako mai benci biyu, aka aiko Goggo ta ce mini, "Wai a gaya wa direba ga mota nan."

Kai, na ji daɗin duniya a 'yan watannin nan! In na taka totur zugazugin yakan yi wani kuka siriri mai tashi sama, tun daga nesa yara suke sheƙowa bakin hanya. Shaho aka sa wa motar suna. In na tashi daga Ikara da hantsi, kafin azahar na sauke barkono a Zariya na juyo. Manyan motocin gyaɗa ina wuce su kamar a tsaye suke. Fasinja suna mini kirari, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

Wata ranar kasuwa muka taso daga Hunkuyi za mu Kudan, da wata babbar mota a gabana wadda direbanta ya ƙi ba ni hanya. Baba yana cikin tamu motar ranar, a baya can cikin buhuna, don ba zai zauna a gaba kusa da ɗan farinsa ba ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Akwai wani rafi a hanyar, a gangara a shiga ruwa sannan a hau tudu. A gangarar nan na ga 'yar kafa, na danna. Na wuce babbar motar, sai ga shanu suna haurowa daga mashaya. Na murɗe sitiyari, tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa, muka yi tafiya a karkace kamar za mu kife, buhu biyu suka faɗa ruwa, sannan ta dawo ta dire. Na yi dariya. A Bama mun yi wanda ya fi wannan a bakin ramin da ba a ganin ƙasansa. Fasinja suka gama salati suka koma kirari. Baba kuwa ya sauka ya tsamo buhunan da kansa.

Washegari da safe na fito na tarar da bonet a buɗe, zugazugi a kan tabarma, Baba yana goge hannu.

"A gaya wa direba," ya ce wa Goggo da ke shara, "boris ɗin cikinsa ya ci. In aka bar shi zai kama, ya fasa inji. Na cire shi na ɗan lokaci."

Na ce, "Goggo, har yaushe?"

"Kafin kasuwar Makarfi ta zagayo."

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, aikin da ya yi a kwana biyun nan ko Bature sai ya cire hula. Da aka ɗauke abin sai ya bar giɓi tsakanin kafireta da bakin inji. Baba ya samo guntun bututu, ya sa a wuta, ya lanƙwasa shi daidai, ya ƙera masa baki biyu masu ramin noti, ya yanka kwali ya sa a tsakani don kada iska ta sata. Ɗan siririn bututun da ke kai wa zugazugin baƙin mai ya toshe shi da noti. Bel ya yi tsawo, ya sa baduku ya ɗinka gajere na fata. Aka tayar, ta tashi. Sai dai ta riƙa zubar da baƙin hayaƙi, don kafiretar ta saba ciyar da mai babban ciki, fetur ya yi wa injin yawa. Ya kwance ta, ya zura zaren waya a 'yar hudar da man yake bi ya rage ta, hayaƙi ya ragu. Mota tana tafiya lafiya lau. Ƙarfi ne kawai babu.

Kasuwar Makarfi ta zagayo. Ta sake zagayowa. Baba ya ɗauke akwatina na ƙarfe da na dawo da shi daga soja, ya zazzage kayana a kan gadon Goggo, ya sa zugazugin a ciki, ya garƙame da kwaɗo, ya ba ta makulli ta ɗaure a haɓar zaninta. In na tambaya sai a ce an aika Kano. In na sake tambaya, wanda aka aika bai dawo ba. Daga nan damina ce, a bari hanya ta bushe. Da hanya ta bushe, ai yanzu kaka ce, ba a tsayar da mota ana tsakiyar aiki.

Shaho ta koma Hawainiya, kuma ba ni na sa mata ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana lallaɓawa, amma da mun doshi tudu sai ta fara nishi, in sa giya lamba ɗaya, in taka totur har ƙasa, ita kuwa kamar ana roƙonta. A hawan rafin nan na Kudan kowa ya san dokar: maza a sauka a tura, wani ya bi da waigi yana sa wa taya kada ta koma da baya. Akwai ranar da wata mai tallan nono ta jera da mu a ƙasa, ta dama wa fasinja fura, ya sha, ya miƙa mata ƙwaryarta, duk mota tana tafiya. Wani mai jaki ya taɓa wuce ni ya waiwayo ya ce, "Direba, in akwai saƙon gaggawa kawo in kai maka." Direbobin da na riƙa wucewa a da kuwa, in sun zo gifta ni sai su rage gudu su yi mini sannu da aiki.

Kuma wai a hakan Baba ba ya ganin tsohuwa da kaya a ka ya ƙyale. In yana cikin motar sai ka ji ya bubbuga katako, "A gaya wa direba ya tsaya." Motar da ba ta iya ɗaukar kanta, a ƙara mata tsohuwa da damin itace da akuya. Ba ya karɓar ko anini a hannunsu. In mai ciwo ne kuwa ko mai naƙuda, sai a sauke kayan mutane a bakin hanya a kai shi tukuna. Wannan halin nasa ne ya cika mana zaure da masu kuka, na sani, kuma ban ce ba alheri ba ne. Amma ni nake kankare baƙin hayaƙin da ya toshe falogin inji kowace safiya.

A shekara ta huɗu haƙurina ya ƙare. Na tuna lambar da na taɓa gani a jikin zugazugin, na hau jirgi na tafi Kano da kaina, na bi kantunan kayan mota ɗaya bayan ɗaya kwana uku har na samo boris ɗin, sabo fil a cikin takardarsa mai maiƙo. Na kawo masa maƙera, da mutane zaune suna jiran garmunansu. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ɗauka, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya jujjuya.

"A gaya wa direba ba nasa ba ne."

"Baba, ko gwadawa ba a yi ba."

Mutanen suka waiwayo, don ba a saba jin na mayar masa da magana ba. Ya ci gaba da jan zugazuginsa na fata kamar ba da shi ake ba. Ni kuwa abin da na haɗiye shekara huɗu ya taso mini.

"Baba, ni kake so ka mayar abin dariya a ƙasar nan? In ban iya tuƙi ba a faɗa mini. In ba a son ganina a gidan nan a faɗa mini. Sau ɗaya dai a dube ni a faɗa mini!"

Bai dube ni ba. Ya ciro jan ƙarfe daga wuta ya ɗora a uwar maƙera, ya ce mata, "In motar ba ta yi wa direba ba, hanya a buɗe take."

Na bi hanyar kuwa. Na bar iyalina wurin Goggo na tafi Kano, na shekara biyu ina jan motar gyaɗa ta wani attajiri. Na tafi da tabbacin cewa ubana bai ɗauke ni a bakin komai ba, cewa ya fi son ƙarfen nan a kulle da ya ga ana yabona. Goggo ce ta yi ta aiko mini har na dawo. Na zaci zan tarar ya ɗauki wani direba, don masu nema sun yi yawa. Sai na tarar da Hawainiya a ɗage a kan duwatsu ƙarƙashin durumin ƙofar gida, an lulluɓe ta da asabari, ba wanda ya hau ta tun tafiyata. Na je gaishe shi, ya ce wa gawayi, "An dawo? A gaya wa direba an sa ruwa a batir." Muka ɗora daga inda muka tsaya, ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Sai daminar bana. Ya kwana biyu yana dafe ciki yana cewa ba komai, ran na uku da safe ya kasa tashi. Na ɗauko malamin ɗakin shan magani daga Makarfi, ya duba shi ya ja ni gefe ya ce hanji ne ya murɗe, ba abin da zai iya, sai an yi aiki a asibitin Zariya, kuma a yau, ba gobe ba. An kwana ana ruwa, ga hadari ya sake haɗowa. Na san abin da rafin Kudan zai yi mana.

Na ruga wurin Goggo. "Goggo, ba ni makullin nan. Kafin hantsi na ɗaura shi. Ko boris ɗin ya ci, zai kai mu Zariya, in ya so ya fashe a can."

Ta riƙe haɓar zaninta tana kuka tana girgiza kai. Na ɗauko guduma na shiga ɗakinsa, akwatin yana ƙarƙashin gadon da yake kwance. Na jawo shi, na ɗaga gudumar. Sai na ji ya ce, "Kada ka taɓa."

Ba "a gaya wa direba" ba. Ni ya duba, cikin idona, karo na farko tun da na yi wayo. Gumi yana tsiyaya a fuskarsa, leɓensa ya bushe. Na ce, "Baba, don girman Allah." Ya ce, "Na ce kada ka taɓa." Na ajiye gudumar.

Saboda yayyafi dole aka kwantar da shi a gaba kusa da ni, Goggo tana rungume da kansa. Shekara tara da sayen motar, ranar ya fara zama a gefena. Muka lallaɓa har muka wuce Kudan da azahar. Rafin ya kawo ruwa amma mun ƙetare. Hawan ne ya gagara. Tudun ya zama taɓo, na sa lamba ɗaya, ta hau rabi ta tsaya tana kuka, ta zamo da baya. Sau biyar. Manoma suka bar gonakinsu suka zo, suka sara rassa suka shimfiɗa, suka sa kafaɗa, taɓo har gwiwa. Ina taka totur ina zagin motar, ina zagin Baturen da ya kawo ta, hawaye yana hana ni ganin gabana. Ba mu kai saman tudun ba sai bayan la'asar. Da na ji tayoyi sun kama busasshiyar ƙasa na danna mata iya ƙarfinta, wanda ba wani ƙarfi ba ne. Sai na ji hannunsa a kan gwiwata.

"A hankali, direba."

Goggo ta fara laƙƙana masa kalmar shahada, yana bi. Muna hango rumfunan Hunkuyi ya cika. Na juya motar muka dawo gida, a hankali kuwa, don babu sauran abin yi wa sauri.

Na san kwana ne ya ƙare. Duk wanda ya zo ya faɗa mini, kuma na yi imani da haka. Ban sani ba ko da zugazugin za mu hau tudun nan tashi ɗaya, ban sani ba ko da mun isa likita zai iya wani abu. Amma sanin nan bai hana ni kwana uku ina zaune a zaure ina cizon haƙora ba, ina cewa a raina, mutumin nan taurin kansa ya bi shi har kabari.

Bayan sadakar uku Goggo ta kira ni ɗakinta da hantsi. Akwatin yana gabanta. Ta kwance makullin ta miƙo mini, ta ce, "Ya ce in ya rigaye ka in ba ka."

Na buɗe. An naɗe zugazugin da wata tsohuwar rigar saƙi ta Baba. Na warware, sai ƙamshin sabon mai ya buge ni, ba tsatsa ko ɗigo. Na sa yatsa ɗaya na juya inda bel yake kamawa. Ya juya sumul, ba gurnani, ba girgiza, na sake shi ya ci gaba da juyawa da kansa. Na kara kunne na sake juyawa. Na yi shekara ashirin ina jin kukan ƙarfe, na san boris mai ciwo in na ji shi. Wannan lafiyarsa ƙalau, bai taɓa cin komai ba. A kusurwar akwatin ga wanda na sayo a Kano, a cikin takardarsa.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci yake karɓar makulli ya rufe ɗaki ya sa masa mai."

"To don me? Shekara tara, Goggo! Don me?"

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina ƙarami in na yi tambayar wauta. "Kai dai ba ka da kai, ɗan nan. Ka manta ranar da ka ɗaga mota a rafi? Da yamman nan ya shigo nan ya zauna inda kake zaune, tuwo ya huce a gabansa. Ya ce, 'Yaya, Bature ya kai shi Bama Allah Ya dawo mini da shi, ni kuma na sayar da shanuna na sayo masa makara.' Ya ambaci sunanka ranar. Sau ɗayan nan na taɓa ji a bakinsa."

"Ai sai ya ce in rage gudu!"

"Ya ce da kai? Ya dubi ɗan farinsa ya ce ina tsoron in rasa ka? A gidan uban wa aka taɓa yin haka? Kuma da ya faɗa, ji za ka yi?" Ta nuna boris ɗin da na sayo da haɓa. "Wannan kuwa ba abokinsa da bai nuna wa ba. Yana cewa, ku duba, wancan ya gano lambarsa daidai, ba wanda ya koya masa."

Na ce, "To ranar da za mu Zariya fa? Ranar ai ransa ne."

Ta ce, "Kafin ka dawo da malamin asibiti, babanka ya kira ni. Ya ce, 'Zai nemi makulli. Ga ruwa, ga taɓo, ga ni kwance a gefensa, in ya sami abin nan yau tuƙin mahaukaci zai yi. Kada ki ba shi. Gara a rasa ɗaya da a rasa biyu.'"

Kukan da ban yi a maƙabarta ba a ɗakin nan na yi shi, da ƙarfen a kan cinyata. Ina kuka ina faɗa. Wane irin mutum ne wannan? Maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba, ya gwammace ya ƙera bututu, ya ɗinka bel, ya shirya ƙarya, ya sa rabin ƙasar Zazzau turin mota, ya bar ni in tafi Kano shekara biyu ina zaton ba ya ƙaunata, ƙarshe ya ba da ransa, da dai ya buɗe baki ya faɗe ta. Na yafe masa duniya da lahira, ina kuma roƙon ya yafe mini abin da na faɗa a maƙera. Amma haushin bai tafi ba, kuma ba na jin zai tafi, don wanda zan yi wa faɗan ba ya nan.

Jiya bayan addu'a dattijon nan mai rake ya ja ni gefe, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin an buɗe akwati. "To direba, yaushe za mu sake jin kukan Shaho? Bayana ya gaji." Aikin bai fi na safiya ɗaya ba, sifana tana nan, bel ɗin asali yana nan, ba kuma mai hana ni yanzu. Na buɗe baki zan ce masa gobe, sai na ji nauyin hannun nan a kan gwiwata. Na ce masa ya ƙara haƙuri, na ɗan lokaci ne, kafin kasuwar Makarfi ta zagayo.

Yau Juma'a. Na karɓi makulli wurin Goggo, don na bar mata ajiyarsa, na sa wa zugazugin mai na mayar. Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa hanyar da ya bi shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba turi. In Allah Ya haɗa mu a can, ina da magana da shi, kuma wannan karon ba ta bakin Goggo ba.